Kilomita 1,000 cikin minti 40: ina sauran hanyar take tafiya a wasannin tirela?

Sabon Direba:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Tambaya gare ni a kan wasan kwamfuta na tuƙin tirela, Euro Truck Simulator 2 (ETS2). Lodi ya nuna kilomita 1,000, allurar gudu tana kan 80, amma cikin minti 40 an isa an sauke. Kilomita 1,000 a gudun 80 ai awa 12 da rabi ke nan. Shin motar ce take gudu fiye da abin da allura ke nunawa, ko hanyar ce aka gajarce? Kuma wasu na cewa ma'aunin taswirar 1:19 ne, wasu 1:20, wasu ma 1:3. Wanne ne daidai?

Injiniyan Taswira:
Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Dukkan ukun daidai ne, kowanne da inda yake aiki. 1:19 na Euro Truck Simulator 2 ne a kan babbar hanya, 1:20 na ɗan'uwansa American Truck Simulator (ATS) ne, 1:3 kuwa na cikin gari ne.

Allurar ba ta yi maka ƙarya ba. Idan ta nuna 80, motar tana cin mita 22 da ɗoriya a kowace daƙiƙa, daidai da tirelar gaske. Ita motar ba a rage mata komai ba: tsawonta da bodi mita 16.5, faɗi mita 2.55. Abu biyu kawai aka ninka, agogon kilomita da agogon lokaci. Duk mita ɗaya da taya ta taka, wasan ya rubuta 19. Duk daƙiƙa ɗaya da ta wuce, ya rubuta 19. Da yake an ninka su tare, lissafin gudu bai lalace ba, shi ya sa ba ka jin wani abu ya karkace.

Ga lissafin lodinka: 1,000 a raba da 19 ya ba da kilomita 52.6. Wannan shi ne ainihin kwaltar da kamfanin SCS Software, mai wasan, ya shimfiɗa. Kilomita 52.6 a gudun 80 minti 39 da rabi ne. Agogon cikin wasan kuma zai nuna maka awa 12 da rabi sun wuce.

'Yar Lissafi:
Bari in ƙara a kan na Injiniya, don lambobin nan suna da amfani wajen tsara tafiya. Kwana ɗaya cur na wasan, awa 24, minti 76 ne a wajen gari a ETS2, minti 72 a ATS. Idan ka ajiye mota a cikin gari, kwanan nan ɗaya zai ɗauki awa 8 na gaske. A tsarin gajiya da aka daɗe ana amfani da shi, direban ETS2 yana yin awa 11 kafin barci ya kama shi, wato kamar minti 35 a gaban allo. Na ATS awa 14, wato minti 42.

Inda mutane ke makara da lodi ba tare da sun san dalili ba shi ne tsayuwa. Danja ta tsayar da kai daƙiƙa 30 a cikin gari, minti ɗaya da rabi ka rasa. Jirgin ƙasa ya tsare ka daƙiƙa 30 a bayan gari, minti 9 da rabi sun tafi. Ka ɓata minti 5 kana ribas a harabar kamfanin da ke wajen iyakar gari, awa ɗaya da minti 35 ke nan. Idan lodi na gaggawa ne kuma saura awa ɗaya, zaɓi fakin mai sauƙi ka sauke, tarar makara ta fi ladan fakin mai wuya.

Sabon Direba:
Na gode, Malama. To amma idan an rage komai sau 19, me ya sa gadoji da gidaje ba su ƙanƙance ba?

Injiniyan Taswira:
Nan ne gaɓar maganar gaba ɗaya. Ba a matse taswirar ba, yanke ta aka yi. Tela idan zai rage tsawon riga ba ya ƙanƙanta maɓalli da aljihu, yadi yake cirewa daga tsakiya. Haka masu zana taswira suke yi: mahaɗa, gada, gidan mai, rami, duk da girmansu na gaske, sai a cire kilomitocin da ke tsakaninsu.

Ɗauki garuruwa biyu da ke da tazarar kilomita 190. A 1:19 kana da kilomita 10 na kwalta, babu ƙari. Gefen kowane gari zai cinye kamar kilomita ɗaya da rabi, saura 7. Babbar mahaɗa mai gadar sama, da hanyoyin shiga da fita, mita 700 zuwa 800. Gidan mai da wurin hutawa, da layin rage gudu da layin komawa titi, mita 400. Ka sa gada ɗaya da ƙofar karɓar kuɗin hanya ɗaya, abin da ya rage maka na buɗaɗɗiyar hanya bai wuce kilomita 5 ba, ƙasa da minti 4 na tuƙi. A hanyar gaske mai wannan tsawo kana iya samun mahaɗa 20. A wasan biyu ko uku za su shiga. Aikin mai zanen shi ne ya zaɓi waɗanne ukun ne idan aka gan su za a ce lallai wannan hanyar ce.

Shi ya sa manyan alamomi suke cin fiye da rabonsu. Gadar Øresund da ke tsakanin Denmak da Suwidin mita 7,845 ce. Da an bi ma'auni sau da ƙafa, mita 413 za ta zama, kafin ka canza giya ka haye. Gadar Golden Gate ta San Faransisko mita 2,737 ce, a 1:20 ta koma mita 137, tirela takwas a jere sun cika ta. Babu mai yarda da haka, don haka ake ba su tsawo, a ciro bashin daga filayen da ke gaba da bayansu.

Doguwar Hanya:
Ni fa a nan nake da ja, Injiniya. Wannan yankan ya yi yawa, kuma shi ne babban aibin wasannin nan biyu. Ɗanɗanon tuƙin babbar mota yana cikin nisa ne: awa guda kana kan layi ɗaya, kana sauraren inji, kana lissafin mai. A yammacin Jamus kuwa fita kake daga gari kana faɗawa wani. Düsseldorf zuwa Köln kilomita 40 ne, a taswirar wasa kilomita 2. Duisburg zuwa Dortmund kamar 55, bai kai 3 ba. Luksambag daga arewa zuwa kudu kilomita 82, wato 4 da 'yan kai. Mota mai tan 40 kafin ta tashi daga tsaye ta kai 80 ta cinye ɗaruruwan mita, ka ga ba ka gama shiga giyar ƙarshe ba allon fita ya bayyana.

Kuma su kansu SCS sun yarda da wannan. ATS ya fito a Fabrairun 2016 da Kalifoniya da Nebada a 1:35. 'Yan wasa suka koka, kafin shekarar ta ƙare suka sake miƙe taswirar zuwa 1:20, kyauta. Los Anjelas zuwa San Faransisko ta babbar hanyar I-5 kamar kilomita 615 ne. A 1:35 kwalta kilomita 17 da rabi, minti 12 a gudun mil 55 da dokar Kalifoniya ta yanka wa manyan motoci. A 1:20 ta zama kusan 31, minti 21. Kowa ya ga bambanci. To me zai hana a ci gaba zuwa 1:10? Wasan tuƙin bas na Fernbus Simulator ai 1:10 ya yi wa Jamus.

Baban Gareji:
Yallabai, hujjarka ta 2016 gaskiya ce, amma duba lokacin da aka yi ta. Jihohi uku ne kacal a ƙasa, Kalifoniya, Nebada da Arizona. Yau an wuce Teksas, an shiga tsakiyar ƙasar. ETS2 kuwa tun 2012 ake jibga masa ƙasashe: gabashin Turai (Going East) a 2013, Scandinavia a 2015, Faransa 2016, Italiya 2017, Baltik 2018, Bahar Aswad 2019, Iberia 2021, yammacin Balkan 2023, Girka 2024. Sauya ma'auni yanzu sake gina wasan ne daga tushe. Daga 19 zuwa 10 tsawo ya ninka sau 1.9, fili kuma sau 3.6.

Sannan ka zaɓi misalan da suka fi matsewa. Je ka Teksas. Babbar hanyar I-10 daga iyakar yamma zuwa ta gabas mil 880 ne, kusan kilomita 1,415. A 1:20 kilomita 71 ke nan, minti 40 kana kan hanya ɗaya. Mai dawowa daga aiki da awa ɗaya a hannu, lodi ɗaya ya ishe shi. A 1:10 wannan lodin minti 80 ne, yawancin mutane ba za su gama shi a zama ɗaya ba. Fernbus ƙasa ɗaya ya fara da ita, ba nahiya ba.

'Yar Lissafi:
Baba, lissafin sau 3.6 ɗin nan yana buƙatar gyara kaɗan. Ba fili suke ginawa ba, zirin hanya suke ginawa. Titi ne a tsakiya, sai ƙasa da bishiyoyi na 'yan ɗaruruwan mita dama da hagu, sai duwatsu da gine-ginen nesa waɗanda sura ce kawai aka kafa don ido. Bayansu babu komai. Don haka idan hanyoyin nan dai za a miƙe, aikin sau 1.9 ne.

Amma inda maganarka ta dawo daidai: da zarar fili ya samu, ba wanda zai yarda a bar shi fayau. Za a ce ina gari kaza, ina hanya kaza da aka tsallake. Garin da aka yafe a 1:19 saboda babu wurinsa, a 1:10 babu uzurin barinsa. Sai aikin ya tashi daga 1.9 ya doshi 3.6 ɗin da ka faɗa.

Wanda yake son ganin wannan da idonsa: a rufe wasan, a buɗe fayil ɗin config.cfg da ke cikin jakar wasan a Documents, a mai da g_developer da g_console daga "0" zuwa "1". A cikin wasa a danna 0, kyamara za ta saku, a tashi sama da maɓallan lamba na gefen dama. Mita 300 sama kawai za ka ga inda duniya ta ƙare, ka kuma ga yadda hanyoyi biyu da agogo ke cewa akwai kilomita 15 tsakaninsu suke kusan taɓa juna, tudu ɗaya ko jerin bishiyoyi ne ya raba su.

Doguwar Hanya:
Na karɓi batun yawan aiki. Amma matsalar matsi ba ta tafi ba, gaba ma take. Jihar Rhode Island kilomita 77 ce a kan 60. A 1:20 ta zama 3.9 a kan 3. Baltimo zuwa Washinton kamar kilomita 65, wato 3 da ɗan wani abu, kuma kowannensu babban birni ne mai zoben hanya. Ta yaya za a zuba gabashin Amurka a wannan ma'auni?

Injiniyan Taswira:
Da dabarun da aka riga aka yi amfani da su a Turai, kuma kowacce da farashinta. Ta farko, a jefar da gari: a yankin Ruhr na yammacin Jamus an ɗauki kaɗan an bar sauran. Ta biyu, a ture garuruwa daga ainihin wurinsu, a ci filin maƙwabta ko na teku, don a samu kilomita ɗaya ko biyu na numfashi. Ta uku, a sa hanya ta yi lanƙwasar da babu ita a zahiri don ta ƙara tsawo, a kuma toshe ido da katangar hana ƙara ko daji. Ta huɗu, a mai da garin abin hange: kana ganin dogayen benaye daga babbar hanya amma unguwar masana'antu kaɗai ake shiga.

Akwai ta biyar, wadda sai ruwa ya raba ƙasa take yiwuwa. Birtaniya a ETS2 an gina ta tun asali a 1:15, ba 1:19 ba. Hakan ya yiwu ne don babu titin da ya haɗa ta da sauran taswirar. Jirgin ruwa ko jirgin ƙasa na ramin Channel da ke ƙarƙashin teku kake shiga, allo ya yi duhu, a ƙara wa agogo lokaci, a sauke ka a ɗaya gefen. Gabashin Amurka ba shi da wannan gatan. Hanyoyi da yawa ne suke shiga cikinsa ta ƙasa, idan ka faɗaɗa shi dole wani wuri ya karkace.

Kanikawa:
Ku ba ni dama in shigo da abin da ba a taɓa ba, wato tsayi da kwana. A ganina nan ne ma'auni ya fi cizo, fiye da batun garuruwa.

Birnin Denba na jihar Kolorado yana mita 1,609 sama da teku. Ramin Eisenhower a kan babbar hanyar I-70 yana mita 3,401. Tsakaninsu kamar kilomita 95. A 1:20 kana da kwalta kilomita 4.75. Idan ka ce sai an hau mita 1,800 ɗin nan duka, hawan zai zama kashi 38 cikin 100, babu tirela mai lodi da za ta hau shi. Idan ka riƙe hawan gaske na kashi 6 zuwa 7, abin da za ka samu bai wuce mita 330 ba. Idan kuma ka rage tsayin sau 20 kamar tsawo, mita 90 ne, tudu kawai. Masu zane suna tsayawa ne a tsakiya: su ƙara wa hanyar dutse tsawo fiye da rabonta, su tsananta hawan kaɗan, su kafa ƙololuwa masu tsayi a gefe don ido ya cika abin da taya ba ta hau ba. Haka abin yake a mashigar dutse ta Brenner, tsakanin Ostiriya da Italiya: Innsbruck mita 574, mashigar mita 1,370, tazarar da ba ta kai kilomita 40 ba, wato kilomita 2 a wasa.

Abin da wannan ke jawowa a tuƙi: gangarar da direban gaske zai yi minti 15 yana sauka a ƙaramar giya, a wasa minti ɗaya ko biyu ce. Birki bai samu lokacin yin zafi ba. Shi ya sa mutum zai iya taka birkin ƙafa tun daga sama har ƙasa ya tsira, abin da a kan dutsen gaske yake ƙone birki. Mai son koyon tsari na gari ya sauka a giyar da zai hau da ita, ya riƙe mota da birkin inji ko ritada (na'urar rage gudu ba tare da birkin taya ba), birkin ƙafa kuwa a taka shi da ƙarfi na ɗan lokaci a saki, ba a ɗora ƙafa a bar ta ba.

Kwana kuma ba ta matsuwa ko kaɗan. A gudun 80, kwana mai faɗin da'ira mita 250 daga tsakiya tana tura mota gefe da kusan kashi 20 cikin 100 na nauyinta. Ka rage ta zuwa mita 125, turin ya zama kashi 40, kuma a wajajen 35 zuwa 40 ne tirela mai dogon lodi take fara ɗaga taya. Don haka hanyar dutse mai kwana 40 a kilomita 20, idan aka ba ta kilomita ɗaya, kwana uku ko huɗu za ta ɗauka. Tsofaffin sassan ETS2 na 2012 suna da hanyoyin fita gajeru masu kaifin kwana saboda an yi ƙoƙarin cusa abu da yawa a ƙaramin wuri, kuma wannan na cikin abin da ake gyarawa da aka sake gina Jamus, Ostiriya da Suwizalan.

Sabon Direba:
Oga Kanikawa, to mai fa? Shi ma ninka shi ake yi?

Kanikawa:
Ƙwarai. Da ba a ninka ba, tanki ɗaya zai kai ka mako. Ana lissafa shan mai a kan kilomitar agogo. Mota mai shan lita 33 a kilomita 100, da tankin lita 600, za ta yi kusan kilomita 1,800 na agogo, wato kwalta kilomita 95, awa ɗaya da minti 10 na tuƙi. Abin lura shi ne barin inji yana aiki a tsaye a bayan gari: minti 3 naka kusan awa guda ne a wurin injin.

Birki kuwa ba a ninka shi. Daga 80 zuwa tsayawa cak, a busasshiyar kwalta da birki mai kyau, kana buƙatar kamar mita 50, ban da mita 22 da kake ci a daƙiƙar da kake yanke shawara. Kada ka dubi na'urar nuna hanya ta ce saura kilomita 2 ka ɗauka da sauran lokaci. Kilomita 2 a 1:19 mita 105 ne, ƙasa da daƙiƙa 5. Da ta nuna saura kilomita 8 zuwa 10 ka koma layin fita ka fara sauke giya.

Mai Zane:
Tunda an zo nan, ga abin da ke kayar da masu fara zana taswirarsu. Editan, wato manhajar zana taswira, yana cikin wasan, ana buɗe shi da ƙara -edit a umarnin tayar da wasa bayan an kunna g_developer. Duniyar a yanke take gida-gida, kowane gida kilomita 4 a kan 4, kowanne da fayilolinsa. Ku lura, Rhode Island ɗin da Yallabai ya ambata ba ta cika gida ɗaya ba. Titi layi ne da ake ja tsakanin ɗigo biyu, mahaɗa da harabar kamfani kuwa ginannun guntaye ne da ake dasawa, ba sa miƙewa ba sa raguwa. Saboda haka a fara dasa su, sannan a ja titi a tsakani. Wanda ya fara da titi zai zo ya tarar mahaɗarsa ba ta da wurin zama.

Kuskure na biyu ya fi wannan tsada: ɗauko hoton taswira daga intanet a shimfiɗa a ƙasa a bi sawunsa. Taswirorin intanet suna kan tsarin Mercator, wanda ke kumbura ƙasa yayin da ake nisa da tsakiyar duniya. A digiri 37, wajajen Sebiya, kumburin sau 1.25 ne. A digiri 60, wajajen Oslo, sau 2 ne. Ka bi wannan hoto, Nowe za ta fito da girman da ya wuce na Sifen nesa ba kusa ba, kuma taswirarka ba za ta haɗu da ta kowa ba. Wasannin biyu suna kan tsarin Lambert mai siffar mazurari. Na ATS an kafa shi a kan digiri 33 da 45, irin wanda aka saba zana Amurka da shi. A juya hoton zuwa wannan tsari a manhaja irin QGIS kafin a shigar da shi. Daga wannan lissafin ne kuma wasan yake sanin inda rana za ta tsaya a sama, don haka idan an yi kuskure har tsawon yini sai ya sauya.

Na uku, a tsai da ma'auni tun ranar farko. Mai son haɗa aikinsa da taswirar asali ko da ProMods, taswirar ƙari da masoya wasan suka gina, ba shi da zaɓi, 1:19 ne. Mai son 1:3 ko 1:1 sai dai ya yi taswira mai zaman kanta da sabon furofayil.

Doguwar Hanya:
To ga shi, Malam Mai Zane ya faɗa da bakinsa, 1:1 yana yiwuwa. Grand Utopia, taswirar ETS2 mai zaman kanta, 1:1 ce. Wasan The Bus ya yi Balin a 1:1. Microsoft Flight Simulator na 2020 ya ɗauko duniya gaba ɗaya.

Mai Zane:
Yana yiwuwa, Yallabai, amma duba girman abin da suka ɗauka. Grand Utopia tsibiri ne ƙirƙirarre, mai shi ne yake yanke inda ya ƙare. The Bus da layukan bas na birni ɗaya ya fara. Shi kuwa na jirgin sama daga hotunan tauraron ɗan'adam na Bing na'ura ta gina shi, kuma daga sama ake kallo. Sauko da kyamara kan titi ka ga gadoji a narke, motoci a manne da kwalta. Direban tirela idonsa yana mita biyu da rabi daga ƙasa, yana karanta allo, yana auna gefen titi da madubi. Bayanan OpenStreetMap za su ba ka layin hanya, bayanan tsayi na SRTM za su ba ka ɗigo ɗaya a kowace mita 30, amma ba za su gaya maka yadda kwana ta kwanta ba, ko tsayin ƙasan gada, ko inda layi uku ya koma biyu. Kuskuren mita ɗaya a tsayi ba komai ba ne ga jirgi. A kan titi katanga ce. Lisbon zuwa Istambul a 1:1 kuma kwanaki ne na tuƙi, kowace kilomita sai an duba ta da hannu.

'Yar Lissafi:
Akwai wani gefen da ma'auni ke taɓawa, wasan taro. Hanyar Calais zuwa Duisburg da ta yi suna da cunkoso a TruckersMP, inda 'yan wasa da yawa ke tuƙi tare ta intanet, kusan kilomita 400 ce a zahiri, wato kamar 20 a wasa. Kowace tirela mita 16.5, ka ba ta tazarar mita 30 zuwa 35, ta ci mita 50. Layi ɗaya ya cika maƙil da mota 400. Mutum ɗaya ya kife a mahaɗa, cikin minti biyu layin ya kai kilomita. A 1:1 motocin nan 400 kowacce za ta samu kilomita guda ita kaɗai, sai ka yi tafiya mai tsawo ba ka ga kowa ba. Matsin da Yallabai ke kuka da shi, shi ne yake sa a haɗu.

Baban Gareji:
Shi ya sa nake ganin gardamar ba ta lamba ba ce, ta yadda aka kashe kilomitocin ce. Kwatanta tsohuwar Jamus ta 2012 da wadda aka sake ginawa: ma'aunin ETS2 bai motsa ba, amma hanyar ta fi jin tsawo saboda an rage tarkace, an ba mahaɗa cikakken layin shiga, an bar fili tsakanin abu da abu. Idan da abin da zan roƙa, shi ne a rage yawan garuruwa a wuraren da suka cushe, ko da za a yi ƙorafin an tsallake wani.

Doguwar Hanya:
A kan rage garuruwa muna tare, Baba. A kan cewa 1:19 ya isa, har yanzu ban sauka ba. Ko 1:15 da aka yi wa nahiyar tun farko da an samu sarari.

Sabon Direba:
Allah ya saka da alheri, na fahimta. Saura biyu. Akwai yadda zan rage gudun agogon don rana ta daina faɗuwa da wuri? Kuma wasannin waya irin Truckers of Europe 3 da Truck Simulator Ultimate, ta yaya zan san nasu ma'aunin?

Injiniyan Taswira:
Na farko: umarnin warp a akwatin rubuta umarni da g_console ke kunnawa, misali warp 0.8, yana rage gudun komai ne tare, har da motarka da sauran motoci, bai taɓa rabon 19 ba. Idan hasken rana kawai kake so, g_set_time da awar da kake so ya fi sauƙi, sai dai gaba yake tura agogo, don haka kada ka yi shi da lodi a baya, wa'adin saukewa zai wuce. Gyare-gyaren da ke mai da ma'aunin kansa 1 suna taɓa nisa tare da lokaci: lodin kilomita 1,000 ya koma 53, kuma da yake a kan kilomita ake biya, kuɗin ya zube, sai an sake gyara lissafin biyan.

Na biyu, auna da kanka, kuma hanyar tana aiki a kowane wasa. Nemi miƙaƙƙiyar hanya a bayan gari, ka tsai da gudu a 60 daidai, don a 60 minti ɗaya kilomita ɗaya ne. Rubuta saura kilomita nawa a isa, kunna agogon waya, ka yi minti 3, ka sake dubawa. Abin da ya ragu ka raba da 3. Idan ya ragu da 57, ma'aunin 19 ne. Idan 30, to 10 ne. Ka maimaita a cikin gari, sannan a wata hanyar daban, domin ba dole ne wasa ya riƙe lamba ɗaya a ko'ina ba. Ka kuma duba agogon wasan a farkon minti ukun da ƙarshensu: idan nisa ya ninka sau 19 amma lokaci sau 10, to wasan bai ɗaure su tare ba, kuma lokacin isa da yake nuna maka ba abin dogaro ba ne. A ETS2 da ATS a kwamfuta ba sai ka yi wannan wahalar ba, manhajojin da ke karanta bayanan mota suna samun lambar kai tsaye da sunan local.scale, za ka ga tana sauka daga 19 zuwa 3 daidai lokacin da ka ƙetare iyakar gari.